Ɗan Mai Awo da Injin da Ba Fistan

Duk wanda ya taɓa shan shayi a gidan Malam Bara'u na unguwar Levenshulme a Manchester ya san ba a gaya masa gaskiyar sukari. In cokali biyu kake so, ka ce ɗaya da rabi, domin ko da Alƙur'ani ka haɗa shi, sai ya ɗora wani abu a kai bayan ya gama aunawa. Ba da gangan yake yi ba. Hannun ne ke komawa cikin gwangwani da kansa, mai hannun yana can yana tambayarka lafiyar iyali. Matarsa Batulu ta yi shekara da shekaru tana yaƙi da wannan hannu. Ta ɓoye gishiri, ta ɓoye omo, ta hana shi raɓar tukunyar miya, daga baya ta ce hali zanen dutse ne, ta je ta sayo ƙananan cokula.

Gado ne. Mahaifinsa, Malam Ishaq, mai awo ne a kasuwar Bichi, kuma a gindin buhunan gero Bara'u ya yi wayo. Tsohon zai cika tiya har ta yi tozo, ya juye wa mai saye, sannan ya sa hannu ya dumbuzo gyara ya watsa a kai. Yakan ce wanda ka ba shi daidai haƙƙinsa ya tafi ke nan, gyara ne ke dawo da mutum rumfarka. Bara'u ya bar Bichi, ya bar Kano, ya zo Manchester karatu shekara talatin da wani abu da suka wuce. Ya koyi yawo da lema, ya koyi ba da haƙuri ga wanda ya taka shi a layin bas, amma karatun rumfar nan bai bar jikinsa ba.

Sana'ar da Allah ya yanke masa ita ce yin haƙoran roba. Wani ɗakin aiki ne a bayan Stockport Road, inda likitocin haƙori ke aiko da zubin bakin mutane, shi kuma ya zauna da tabarau mai ƙara girma da 'yar na'urar gurza mai kama da biro, ya yi ta sassaƙa. Hannunsa ba ya rawa, wannan kowa ya shaida. Sai dai abokan aikinsa na cewa har yau akwai tsofaffi a Whalley Range da ke yawo da haƙoran gaba da suka ɗan fi waɗanda Allah ya ba su faɗi, in sun yi murmushi an san aikin wane ne. Shi kuwa cewa yake babu wanda ya taɓa dawowa da ƙorafin an yi masa rowa.

Allah ya ba su 'ya ɗaya tilo, Shifa. Da yake 'yar fari ce, Bara'u ya ɗauko alkunyar mutanen Bichi ya dasa ta a tsakiyar Levenshulme. Ba ya kiran sunanta, ba ya yabonta a gaban mutane, ba ya ɗaukarta in akwai baƙi. "Ke" ce a gida, "yarinyar nan" ce a waje. Malamar ajinsu ta taɓa jan Batulu gefe ta tambaye ta cikin raɗa ko akwai wata damuwa a gida, don uban ya zauna ya yi bayani mai tsawo kan karatun yarinya bai ambaci sunanta ko sau ɗaya ba. Ita kanta Shifa, tana ƙarama, ta taɓa tambayar uwarta da Turancinta na Manchester ko Abba ya manta sunanta ne. Batulu ta yi dariya har da hawaye, ta ce ai shi ya zaɓa miki shi. Gaskiyar magana, son da yake wa yarinyar nan ya fi ƙarfin ƙirjinsa, ga al'ada ta ɗaure masa baki, sai son ya rasa ta inda zai fito.

Wata tsohuwar mota ce ta kawo mafita. Shifa na sakandare lokacin da Bara'u ya jawo wata Mazda RX-7 ta shekarun tamanin daga bayan gidan wani tsoho, ciyawa ta tsiro ta cikin ƙafafunta, ya cusa ta a garejin haya da ke lungun bayan gidansu. Batulu ta leƙa ta ce ta san ana fitar da gawa daga gida, yau ta ga wanda ya shigo da ita. Shifa kuwa ta shiga ta riƙe masa tocila, ba ta fito ba sai da wayar uwarta ta kira magariba. Tun daga ranar uba da 'ya suka sami yaren da za su yi magana da shi. Ba zai iya ce mata ya ji daɗin zamanta kusa da shi ba, amma zai iya cewa ta miƙo sifana, kuma tana ganewa. A garejin ne ma ya samo mata sunan da zai iya faɗa da ƙarfi ko a gaban wa: Direba.

Injin motar nan ba irin wanda aka saba gani ba ne. Ba shi da fistan ko ɗaya. A cikinsa akwai dunƙulen ƙarfe guda biyu masu kusurwa uku, ana ce musu rota, kowanne na juyawa cikin wani gida mai siffar kwanson gyaɗa. Farantan ƙarfe masu kauri ne suka rufe gidajen ta gefe, kuma a jikin farantan aka huda ƙofofin da iska da fetur ke shiga. Rota ya zo wucewa ya buɗe ƙofa, ya wuce ya rufe, shi ke nan. Ɗan ƙaramin inji ne mai shan mai ba tausayi, ga tsiwa in an tayar da shi da sanyi, amma in jikinsa ya yi ɗumi ba ya gajiya da juyawa.

Shifa ta girma, ta gama jami'a, ta sami aikin ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti a Birmingham, ta kama ɗaki a Lozells. A can ta shiga ƙungiyar masu tseren mota a wani ɗan fili da ke arewa da birnin, irin tseren da ake sakin mota ɗaya bayan ɗaya, agogo ne abokin karawarka. Dangi suka yi ta bugo waya daga gida suna tambayar wane irin uba ne zai bar 'ya mace ta sa hular kwano ta yi ta sheƙa gudu a mota. Bara'u ya ce musu barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, alhali shi barewar bai taɓa wuce gudun da doka ta yanka ba, masu keke ma wuce shi suke a hanyar masallaci. Motar dai a Levenshulme take kwana. Kowace Asabar Shifa ta biyo babban titin M6 ta zo, su wuni a gareji, ta ci tuwon uwarta, ta koma da yamma. Asabar ɗin nan ita ce duk abin da Malam Bara'u ya mallaka a mako, sauran ranakun jira yake.

Rukunin da take tsere a ciki an hana sa turbo, wato fankar nan da ke ɗura wa inji iska da ƙarfin tsiya. Inji sai dai ya shaƙi abin da zai iya shaƙa da kansa. Sun yi abin da kowa ke yi. Sun sauya salansa zuwa mai faɗin maƙogwaro, sun sa babban kafireto, sun rage nauyin faifan da ke bayan inji don ya riƙa zabura da wuri. Motar ta ƙara kuzari, amma da ta hau miƙaƙƙen wurin filin sai numfashinta ya ƙare, ita tana nishi agogo na tafiyarsa. Abin da ya rage shi ne a buɗe injin a faɗaɗa ƙofofin nan na jikin farantai. Aikin gurza ne, aikin hannun da ba ya rawa. Da Bara'u ya ji haka sai ya gyara zaman hularsa.

Wanda ya san kan wannan aiki a yankin shi ne Ethan Choji, wani matashi mai gareji a Birmingham. Iyayensa mutanen Jos ne, shi kuma haihuwar nan, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. Shi ya aiko musu da ma'auni, wani siririn gwangwani da aka yanke da siffar sabuwar ƙofar. A shafa wa faranti shuɗin tawada, a ɗora ma'auni, a zana layi, a gurza har layin a tsaya. Ya yi wa Shifa bayani, ita kuma ta maimaita wa ubanta. Bayan layin nan, ta gefe ɗaya akwai hanyar ruwan da ke sanyaya inji, bango siriri ne ya raba su. Ta ɗaya gefen kuma, siraran ƙarafan da ke toshe gefen rota suna takawa ne a bakin ƙofar, in an cinye musu matakin sai su faɗa ciki. Bara'u ya ce shi da ya ƙare rayuwarsa yana aiki a cikin bakin mutane, ba yaron da aka haifa jiya ne zai koya masa layi ba.

Ya kuwa yi aiki kamar ka lashe. Ƙofa ta fito sumul, ta bi layi tiryan-tiryan. Ya ɗaga tabarau ya duba ya ji daɗi, sai kuma ya ji wani iri, irin yadda yakan ji in baƙo ya tashi tafiya ba a ba shi komai ya riƙe ba. Hannu ya koma. Ɗan kaɗan ne, bai kai kaurin farce ba. Da suka haɗa injin suka tayar, ya yi kuka mai daɗi na ɗan lokaci, sannan salansa ta fara aman farin tururi har lungun ya cika, wata maƙwabciya ta leƙo ta taga tana tambaya ko a kira 'yan kwana-kwana. Ruwa ya shiga inda wuta take. Bara'u ya ce ƙarfen ne ya tsufa.

Farantan irin wannan inji ba a samunsu a shago, sai an yi ta cigiya wurin masu tsofaffin kaya. Aka yi watanni kafin a samo wasu. Wannan karon Bara'u ya yi rantsuwa ba zai kusanci gefen ruwa ba, kuma ya cika alkawari, bai kusance shi ba. A ɗaya gefen ya ɗora gyaran. Injin ya tashi lafiya, aka loda mota a tirela aka tafi fili, Shifa ta yi zagayen farko kamar an harba ta. A na biyu, tana tsakiyar miƙaƙƙen wurin, aka ji ƙas, aka ji shiru, mota ta gangara kan ciyawa. Siririn ƙarfen ya faɗa ƙofa ya karye, gutsattsarinsa suka bi cikin gidan rota suka kakkarce shi. Garin neman ƙiba an samo rama, shekarar tsere ta biyu ta tafi. Da Ethan ya buɗe injin, ya ɗauko ma'auninsa ya ɗora a kan farantin, kowa ya ga ɗan ratar da ta leƙo ta bayan gwangwanin. Yaron mai tarbiyya ne. Ya dubi ratar, ya dubi Bara'u, ya tattaro Hausarsa duka ya ce masa sannu da aiki.

Asabar ɗin da ta biyo baya Shifa ta yi maganar, suna zaune a gaban tuwo. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Abba, I'm not being funny, amma season biyu ke nan ina kallon mutane suna racing, ni ina riƙe da flask. Ethan ya samo wasu plates, ya ce daga su bai san inda za a ƙara samu ba. Na ce masa Abbana ne zai yi. Amma in waɗannan ma suka lalace, zan bar motar a garage ɗinsa, shi ya riƙa yi. Ba fushi nake ba, wallahi."

"To, Direba," in ji shi.

Ya mayar da lomar da ke hannunsa cikin kwano. Ba kunyar aikin da ya ɓata ce ta kama shi ba, duk da akwai ta. Tsoro ne. In mota ta bar lungun nan, ya san abin da zai bi ta.

Bayan sun raka ta bakin titi ta tafi, Batulu na kwashe kwanuka ta jefo tata tambayar, kamar wadda ke tambayar ko an rufe taga.

"Malam, in tambaye ka mana. In injin nan ya tashi lafiya ya zauna lafiya, me zai riƙa kawo yarinyar nan kowace Asabar?"

Ya ce tuwonta mana. Ta ce ita ma ta so a ce haka ne, amma ta lura duk ranar da aka ce ana jiran kaya babu aikin gareji, sai aikin asibiti ya yi wa yarinya yawa. Ta ce ba ta ce da gangan yake ɓata ƙarafan mutane ba, Allah ya kiyaye, amma hannu ya san abin da mai shi ke so ko da mai shi bai gaya masa ba. Bara'u ya fusata, ya ce wannan ƙazafi ne, ya ɗauki kwat ya fice. Ya bi Stockport Road har ya wuce shagunan da ya sani ya shiga waɗanda bai sani ba, yana ta kawo wa kansa hujjoji, kowace ya ɗaga sai ya ji ba nauyi. Kafin ya juyo gida ya gane inda yake tsaye: gaba kura, baya sayaki. In ya ɓata, mota ta koma wurin Ethan. In ya yi daidai, aiki ya ƙare. Bambancin kawai, a ɗaya yarinyar za ta tafi da takaici, a ɗaya kuma da murna.

Ranar da zai taɓa farantan ƙarshe ya ɗauki hutu a wurin aiki, a tsakiyar mako, don kada Shifa ta tsaya masa a ka. Ya yi alwala ya yi nafila, sannan ya shiga kicin ya roƙi matarsa wata alfarma da bai taɓa roƙon irinta ba: ta zo ta zauna kusa da soket, in ya kai layi ta zare waya. Ta ce daga can ina za ta hango layi? Ya ce ba sai ta hango ba, in ta ga ya ɗaga tabarau ya fara murmushi, to ta zare. Ta ɗauko kujerarta da tiren wake, ta zo ta zauna tana tsinta.

Ya gurza a hankali, shuɗin tawada na raguwa, ƙurar ƙarfe na zuba a kan takalminsa. Ƙofofin farko suka wuce lafiya, don tsoro bai sake shi ba tukuna. A ta ƙarshe ne abin ya zo. Ya kai layi, ya shafa da ɗan yatsa, ya ji santsi, ya san bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Ya ɗaga tabarau. Nan take hannun ya yi nauyi ya fara karkata, ga wani ɗan lungu a saman ƙofar da ke roƙon a ɗan taɓa shi, ɗan kaɗan, don Allah. Na'ura na ta kuka a hannunsa. Ya waiga ya dubi Batulu. Kanta na sunkuye a kan wake, hannuwanta biyu na cikin tire, ko alamar miƙewa ba ta yi. Ya jira ta, ba ta ɗago ba. Sai ya sa babban yatsansa ya kashe na'urar da kansa, gumi na bin bayansa a garejin da hita ɗaya ba ta iya ɗumamawa.

Amma abin bai sake shi ba. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo ɗaya daga cikin farantan da ya lalata a baya, ya ɗaure shi, ya kunna na'ura, ya far masa. Ya gurza ta gefen ruwa, ya gurza ta ɗaya gefen, ya yi masa gyaran da Malam Ishaq bai taɓa yi wa kowa ba ko ranar jajiberin salla, har ƙofar ta zama taga. Batulu ta bari ya gama, sannan ta tambaye shi ko ya huce. Ya ce ya huce. Ya tambaye ta me ya sa ba ta zare waya ba, bayan ta ga ya ɗaga tabarau. Ta ce wayoyi ne jibge a jikin soket ɗin, duk baƙaƙe, ita ba ta ma san wacce ce ta na'urar ba, da ta zare wataƙila ta hita za ta zare.

Da Shifa ta zo, abin da ta fara yi shi ne ɗora ma'auni a kan kowace ƙofa tana haskawa da tocila ta ƙasa, ko kunyar idonsa ba ta ji ba. Haske bai leƙo ta ko'ina ba. Ta ɗago ta dube shi, idonta ya kawo ruwa. Shi kuwa ya tambaye ta yaushe rabon da ta duba iskar tayoyin motar da take zuwa da ita.

Sun haɗa injin cikin 'yan Asabar, yana ta jan aikin da wanke abin da aka riga aka wanke, amma duk jan da ya yi sai da aka ɗaure noti na ƙarshe. A garejin Ethan aka ɗora motar a kan na'urar auna ƙarfi, tayoyin baya na juyawa a kan gammon ƙarfe, injin na ihu har haƙoran mutum na amsawa. Lambar da ta fito a allo ta sa Ethan ya yi fito. Ya ce ba a taɓa samun wannan daga ma'auninsa ba, santsin bangon ƙofar da lanƙwasarta ne suka kawo bambancin. Bara'u ya ce ai ma'aunin ne mai kyau, yana faɗa yana satar kallon allon.

Ranar tseren rana ta fito, abin da ba a saba ba. Batulu ta zo da kular dambun shinkafa, kafin azahar ta ciyar da rabin ma'aikatan filin masu ɗaga tuta, suna ta hawayen yaji suna ƙarawa. Bara'u ya tsaya a jikin shinge ya riƙe waya da hannu biyu. Aka saki Shifa. Ta bi kwanonin farko, ta ɓace a bayan tudu, ta ɓullo a kan miƙaƙƙen wurin, inda motar ta saba sarewa. Ba ta sare ba. Kukan ya yi ta hawa, ya yi ta siririncewa, har mutanen da ke cin abinci suka ajiye cokali suka waiga. Ta sake zagayawa, ta sake, injin bai ko yi tari ba. Ta zo ta biyu a rukuninsu, wani tsoho mai furfura ne kawai ya sha gabanta, kuma ba ta taɓa yin gudu irin na ranar ba. Ta cire hular kwano, ɗankwalin ciki ya karkace, tana dariya tana haƙi. Bara'u ya durƙusa yana duba tayar baya da kyau, ya daɗe yana dubawa, sai da fuskarsa ta koma daidai ya miƙe.

Ya idar da la'asar ke nan a kan ciyawa a bayan tirela, sai ga ta ta taho da Ethan. Ashe akwai wani mataki gaba da wanda aka yi. Ana yanka wata siririyar ƙofa ta biyu kusa da ta farko, a bar ɗan ƙarfe a tsakaninsu kamar gada, don ƙarafan gefen rota su sami wurin takawa. Ƙarfi na ƙaruwa sosai. Aikin hunturu guda ne cur, kuma injin da aka yi wa haka sai an riƙa buɗe shi a kai a kai. Ethan ya ce shi kansa ba ya son yanka gadar nan, amma hannun Baba zai iya.

"It's up to you, Abba," in ji Shifa. "In ka ce a yi, mu mayar da ita Levenshulme yau, duk winter muna ciki. In ka ce a'a, Ethan ya ba ni corner a garage ɗinsa, ta zauna nan kusa da track. Oil da plugs ne kawai, zan iya da kaina."

Bara'u ya naɗe dardumarsa a hankali. Ya hango hunturun nan gaba ɗayansa: hita na kunne, shayi na huci a kan tebur, fitilun motarta na shigowa lungu kowace Asabar, ba hunturu ɗaya ba ma, tunda injin ba zai ƙara zama a rufe ba. Kalma ɗaya zai faɗa, kuma babu mai zarginsa, su suka kawo da kansu. Amma ya wuni a jikin shingen nan yana sauraro, ya san filin. Ya san gadar kan tura ƙarfin inji can sama ne, inda sai an daɗe ana taka mai ake isa, ya kuma san yadda yarinyar ke tsayawa a gefe da shayi a hannu in injinta na kwance a kan tebur.

"Ki bar shi haka, Direba," in ji shi. "Filin nan duk kwana ne. Gadar za ta ba ki a miƙe, ta ƙwace miki a fitowa daga kwana, kuma rabin shekara za ki yi kina jiran inji. Ya isa haka. Abin da ya rage na ƙafarki ne."

Ethan ya gyaɗa kai, ya ce shi ma abin da ya gani ke nan. Shifa ta sauke ajiyar zuciya, da gani abin da take fatan ji ke nan ba ta so ta faɗa ba.

"Then you get your Saturdays back, Abba. Ka huta, ka wahala da ni da yawa. Zan riƙa zuwa, obviously, in ba ni da shift."

"Allah ya yi albarka," in ji shi.

Shi da Batulu suka kama hanyar Manchester da tirela ba kaya, tana ta tsalle tana ƙara a bayansu duk inda titi ya yi ɗan tudu. Can wajen garin Stoke ya ce yarinyar nan ta yi gudu. Batulu ta ce ta yi. Murna ce cike da cikinsa, bai taɓa jin irinta ba, kuma tana yi masa ciwo, bai san murna na yin haka ba.

Asabar ta zagayo. Ya tashi da wuri yadda ya saba, ya zaga lungu ya buɗe ƙofar gareji duka biyu, ya janye kwandon sharar maƙwabta daga inda Shifa take ajiye mota. Yana cikin share tabon mai a tsakar garejin saƙonta ya shigo wayar Batulu: akwai atisaye a fili yau, tana gaishe su, tana ƙaunarsu duka. Batulu ta karanta, ta leƙa ta tagar kicin ta hango shi tsaye da tsintsiya yana kallon bakin lungu. Ba ta kira shi ba tukuna. Ta koma kan garin tuwon da ta riga ta auna, ta ɗebi na mutum ɗaya ta mayar cikin leda.